Idan Ciwo Ya Zo, Wurin Wa Za Mu Fara Zuwa?

   

Sharhinmu na yau a kan tambaya ɗaya ce tak, wadda babu gidan da ba a yin ta: idan ciwo ya kama mutum, wurin wa za a fara kai shi?

A wannan yanki namu na arewacin Kano, mutum ba ya doguwar tafiya bai iske gari ba. Ƙauye na hango ƙauye, gona na manne da gona. Saboda haka masu ba da magani ma ba su yi mana ƙaranci ba. Ga mai kemis a bakin titi. Ga wanzami, ga maɗori, ga ungozoma. Ga malam mai tofi da rubutu. Ga mai mota da lasifika da ke zuwa kasuwar Ɗambatta ran Lahadi. Ga asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, ga kuma babban asibiti a Bichi da Ɗambatta. Wuraren zuwa suna da yawa. Abin da ke cin rayukanmu shi ne yadda muke jera su, da kwanakin da muke ɓatawa tsakanin wannan da wancan.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Yaro ya kwana da zafin jiki, sai a lalubo ragowar maganin da yayansa ya sha a watan jiya. Washegari a aika kemis. Kwana biyu babu sauƙi, sai kaka ta ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Daga nan a ce ai wannan ba na asibiti ba ne, a nemo tofi. Sai ranar da yaron ya daina karɓar nono, idonsa ya kakkafe, sannan a kama akuya a sayar da ita a wulaƙance, a nemi mai babur. A isa asibiti da yaro jininsa ya ƙone, kuɗin hannu kuma an riga an rarraba su a hanya. Idan Allah Ya karɓi abinsa, labarin da ke komawa gari shi ne an kai shi asibiti amma bai yi rai ba. Maƙwabcin da ya ji haka, ranar da nasa ya kwanta, sai ya ƙara jinkiri. Haka muke ta zagayawa, mun mai da asibiti wurin da ake zuwa bayan an yanke ƙauna, alhali an gina shi ne don a je tun ciwo yana da sauƙin kamawa.

Bari mu fara da mai kemis, domin a gaskiya shi ne wanda mafi yawanmu ke fara zuwa wurinsa. Ba zan tsaya a nan in zage shi ba. Shi ne yake buɗe da ƙarfe goma na dare. Shi ne ya san ka, ya san mahaifinka, ya ba ka bashi har kaka. Ba ya cewa ka yanki kati, ba ya cewa ka bi layi. Wanda bai taɓa zama a ƙauye ba ne kawai zai yi mamakin dalilin da ya sa ake tururuwa wurinsa.

Amma mu dubi abin da ke faruwa a gaban kantar. Magidanci ya zo ya ce, "Malam, a haɗa min na zazzaɓi, na ɗari biyar." Ba a ga mara lafiyar ba, tana gida a kwance. Sai a yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, a ƙara kafso mai ja da baƙi guda huɗu, a zuba a 'yar leda a ƙulle. Babu suna a jiki, babu ranar lalacewa, babu wanda ya tambaya ko tana da juna biyu. Kuɗin ne ya yanke yawan maganin, ba ciwon ba. Maganin da ya kamata a sha kwana biyar an ba da na yini ɗaya. Zafin jiki zai lafa saboda akwai farasitamol a ciki, ciwon kuwa yana nan yana cin jiki, ƙwayar cutar kuma tana koyon yadda za ta jure wa maganin nan gaba.

Dokar ƙasa ta san da mai kemis, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke ba shi lasisi. Sai dai lasisin na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu na asali. Bai ba shi izinin yin allura ba, bai ba shi izinin ɗaura ruwa ba, balle kwantar da mara lafiya a bayan shago. Mun kuma san irin ɓarnar da sakaci da magani ya jawo mana a jihar nan. A shekarar 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan an fallasa yadda yake lalata matasa, Kano na cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. A shekarar 2024 kuma aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar magani ta Ɗangwauro da ke hanyar Zariya, domin a riƙa sanin inda kowane magani ya fito. Mai kemis na ƙwarai yana nan, kuma yana da alama. Shi ne wanda zai dube ka ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina, ku wuce asibiti yanzu." Duk unguwar da ke da irin wannan, ta riƙe shi da kyau.

Yanzu zazzaɓi. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka ba laifi ba ne idan tunaninmu ya fara zuwa can, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Amma ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Akwai ɗan gwaji da ake yi a ƙananan asibitocinmu, wasu masu kemis ma suna da shi. Za a goge yatsa, a ɗan tsira shi, a ɗiga jini a wani ɗan farin roba mai tsawon yatsa, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu ya fito, maleriya ce. Layi ɗaya, a nemi wani dalilin. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwadawa kafin a ba da magani. Idan ta tabbata maleriya ce, maganin da ake bayarwa yanzu na kwana uku ne, safe da yamma, kuma a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Kulorokwin da iyayenmu suka saba da shi, tun 2005 ƙasar nan ta sauke shi daga matsayin maganin farko, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa.

Akwai kuma maganar nan da ta zama ruwan dare, "maleriya da taifot". Kusan duk wanda ya je awon jini a wani ɗan shago, da ita yake dawowa. Likitoci sun daɗe suna faɗakarwa cewa tsohon gwajin taifot ɗin nan da ake yi sau ɗaya yakan nuna akwai ciwon ko da babu shi. Sai a ɗora wa mutum allurai na mako guda, a zuke masa aljihu. Haka nan son da muke wa allura da ƙarin ruwa. Da yawa daga cikinmu idan ba a tsira musu allura ba, gani suke ba a yi musu magani ba. Ruwan da ake ɗaurawa, mafi yawansa ruwa ne da gishiri ko sikari. Yana ceton ran wanda amai da gudawa suka tsotse, ko wanda ba ya iya haɗiya. Wanda yake ci yake sha, ba ya ƙara masa komai, kuma ga mai ciwon zuciya ko na ƙoda yana iya zama ajali.

Iyaye mata, ku matso kusa da rediyo, wannan gaɓar taku ce. Akwai alamomin da idan kika gan su a jikin yaro, babu sauran zancen kemis ko jiƙo. Yaron da ya ƙi nono ko ya kasa shan ruwa. Yaron da duk abin da aka ba shi sai ya amayar. Yaron da ya yi taune-taune, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Ki buɗe tafin hannunsa, ki ja fatar idonsa ta ƙasa, idan kika ga sun yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa. Ki ɗaga masa riga ki kalli ƙirjinsa yana kwance, idan numfashin na sauri ne, kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, wannan ciwon huhu ne, limoniya, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zafin jiki kaɗai ya isa a tafi. A irin wannan hali ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar kasuwa. Gudawa marar jini a yaron da yake sha yake wasa, ita ce za a iya farawa a gida da ruwan gishiri da sikari na ƙunshi, tare da ƙwayar zinki ta kwana goma.

Ba mu manta da mashaƙo ba. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar ta ɓarke a ƙasar nan, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu 'yan jihar Kano ne, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Tana farawa ne kamar ciwon maƙogwaro, da zazzaɓi, sai wuya ya kumbura, wani farin abu mai toka-toka ya shimfiɗu a can cikin maƙogwaro. A al'adarmu, yaro na ciwon wuya tunani ke tafiya ga wanzami, a ce beli ne ko hakin wuya, a cire. Ina girmama wanzamai, sana'a ce ta gado mai daraja a garuruwanmu. Amma sa ƙarfe a maƙogwaron yaro mai mashaƙo jefa shi cikin halaka ne, ga zubar jini, ga yaɗa cutar ga yaron da za a taɓa bayansa. Maganinta na asibiti ne, allura ce ta musamman da ke karya dafin cutar, kuma tana aiki ne idan an zo da wuri. Rigakafinta kuwa kyauta ne, yana cikin alluran da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a jihar Kano kusan haihuwa huɗu cikin biyar a gida ake yin su. Mafi yawansu kuma lafiya ake sauka, shi ya sa idan aka yi zancen asibiti sai uwar miji ta ce, "Mu da muka haifi goma a ɗaka, me ya same mu?" Gaskiya ta faɗa game da kanta. Sai dai waɗanda abin ya sama ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Kowane gari a yankin nan yana da marayun da uwarsu ta tafi wurin haihuwa.

Ungozoma ta san aikinta na gyara jariri da kula da mai jego, kuma mata sun saki jiki da ita. Amma akwai abubuwa uku da ke kashe mata a naƙuda, kuma babu ɗaya da take da maganinsa a hannu. Na farko zubar jini. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Awa biyu, jama'a, ko neman mota ba a gama ba. Na biyu jijjiga. Tana ba da sanarwa kafin ta zo: ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi. Hawan jini ne na masu ciki, kuma a wurin awo ake gano shi da abin auna jini, cikin minti biyu. Idan ta faɗi tana jijjiga sai mu ce iska ce, a kawo hayaƙi, a kira mai ruƙiyya, alhali akwai allurarta. A shekarar 2008 aka fara amfani da wannan allura, magnesium sulphate, a manyan asibitoci 10 na jihar Kano, kuma likitocin da suka bi diddigin aikin sun ba da rahoton cewa mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kusan 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da 3 cikin ɗari. A nan jihar aka yi, a kan matanmu.

Na uku doguwar naƙuda. Matar da ta wuni ta kwana tana naƙuda, rana ta sake fitowa ba ta sauka ba, kan ɗan ne ya kasa wucewa. Rubutu ba zai faɗaɗa ƙugu ba, yankan gishiri kuwa ƙara ɓarna yake. Kan jaririn yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Wanda ya taɓa shiga sashen Laure a Asibitin Murtala, ko asibitin Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke mata dubbai, ya ga 'yan mata ƙanana da aka sako, aka ƙaurace musu saboda wari. Ana warkewa, ana yin aikin, kuma duk mai wannan lalura ta je. Amma da an kai su asibitin da ake tiyata a daren farko, da ba su shiga wannan hali ba.

Abin da ke riƙe mace a ɗaka a irin wannan dare sau da yawa ba kuɗi ba ne, izini ne. Maigida ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal, wayarsa ba ta shiga. Ƙaninsa ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan matar wansa ba. Uwar miji ta ce a ƙara haƙuri zuwa asuba. Ita kuma mai naƙudar kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi, musamman in haihuwar fari ce. 'Yan'uwana magidanta, wannan nauyi a wuyanmu yake. Kafin ka sa ƙafa ka bar gari, tara mahaifiyarka da matarka da ƙaninka, ka faɗa da bakinka: "Inna, ko ba na nan, in ciwo ya tashi a kai ta asibiti, na yarda, kada a jira ni." Ka ajiye kuɗin mota daban, kada su shiga cefane. Ka karɓi lambar direba tun cikin yana wata bakwai. A garuruwa da dama ƙungiyar direbobi ta ƙasa ta taɓa tsara direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda, ka je tasha ka tambaya ko akwai a garinku. Ka kuma san ɗan'uwan da zai ba da jini idan an buƙata.

Bayan haihuwa ma ido bai rufe ba. Mai jegon da ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ciwon zuciya ne da ke biyo bayan haihuwa, kuma likitocin Zariya da na Kano sun daɗe da nuna cewa yana da yawa a ƙasar Hausa. Ƙara mata kunun kanwa da wankan ruwan zafi a wannan hali ƙara wa zuciyar nauyi ne. A kai ta babban asibiti.

Mu koma kan karaya, tunda babura sun cika hanyoyinmu. Maɗori yana da ilimin da ya gada, kuma mutane da yawa sun miƙe a hannunsa. Amma ba ya ganin cikin ƙashi. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta ƙugu, ko ta gadon baya, ko ta kusa da gwiwar hannun yaro, ba tasa ba ce. Haɗarin da ya fi yawa shi ne ɗauri. A jera karare a ɗaure tamau, hannu ya kumbura a ciki, jini ya daina zagayawa. Yaro yana ihu dare da rana ana cewa ƙashi ne ke haɗewa. Ku duba yatsunsa. Idan sun yi sanyi, sun yi baƙi-baƙi, ko ya ce ba ya jin su, ku kwance ɗaurin nan take ku kama hanya. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma likitocinsa sun sha kokawa kan yaran da ake kawowa hannu ya riga ya ruɓe, babu abin yi sai yankewa. Hoton ƙashi ɗaya kafin a taɓa karaya ya fi arha a kan hannun ɗanka.

Sauran kuwa a taƙaice. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, a je a gwada majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yaran da ke wanka a dam ɗin Tomas ko na Watari suna fitsarin jini, tsargiya ce, ba alamar balaga ba, kuma ƙwayoyi kaɗan ke kashe ta. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kamar minti 15, a tafi neman allura a ranar, domin ciwon haukan kare idan ya bayyana ba ya da magani. Mai taɓin hankali ko farfaɗiya, maimakon mari da ɗaurin sasari, ga asibitin Dawanau a nan kusa da mu. Mai yanar ido kada ya yarda a soka masa tsinke a kasuwa, ana aikin a asibitocin ido na Kano mutum ya koma gida yana gani.

Mai lasifika kuwa, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da sanyi da ciwon siga da hawan jini da rashin haihuwa, ku tambayi kanku abu ɗaya: idan maganin ya cutar da ku, ina za ku same shi ran Litinin? Hawan jini da ciwon siga ba a warkar da su da kwalba ɗaya, lallaɓa su ake yi da magani da awo har ƙarshen rayuwa. Dattawa nawa ne suka ajiye ƙwayar asibiti saboda an ce musu an tsinke ciwon daga tushe, bayan 'yan watanni ɓarin jiki ya shanye? Idan injin ban-ruwanka ya lalace ba ka kai wa mai facin keke, ko da shagonsa ne a ƙofar gidanka. Jikinka ya fi injin daraja.

Kada wani ya ji ni ya ce na raina addu'a. Allah Shi ne mai warkarwa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Babu asibitin da aka hana mutum yi wa ɗansa tofi a bakin gado. A yi addu'ar a cikin mota, a yi ta a layin ganin likita. Malamai da limamai, kalmarku ta fi tawa nauyi a garuruwan nan. Idan aka kawo muku mai jijjiga ko yaro mai taune-taune, ku yi masa addu'a, sannan ku ce a wuce asibiti yanzu.

Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren. Wasu da zarar sun samu ɗan hali, ciwon kai ma sai Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. A kashe kuɗin mota, a kwana a baranda, a tare wa mai ciwon gaske layi. Tsarin hawa-hawa ne. Awon ciki, rigakafi, gwajin maleriya, auna hawan jini, tamowa, ƙananan raunuka, duk aikin asibitin mazaɓa ne. Abin da ke buƙatar ƙarin jini ko tiyata ko kwanciya, babban asibitin ƙaramar hukuma. Su ne za su rubuta maka takarda zuwa birni idan ya fi ƙarfinsu, kuma mai takarda ya fi saurin samun shiga. Amma idan alamar haɗari ta bayyana, a wuce kai tsaye inda ake da jini da ɗakin tiyata.

Ta yaya za ka gane ma'aikacin lafiya na gaskiya, tunda ba duk mai farar riga ne likita ba? Yana tambaya kafin ya rubuta. Yana taɓa mara lafiya, ya auna shi. Yana gaya maka sunan ciwon da sunan maganin da yadda za a sha. Ba ya jin haushi don ka yi tambaya. Ba ya yi maka alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari. Jihar Kano tana da hukumar da ke sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu, kuma ta sha rufe na bogi. Idan wani ya buɗe ɗaki a garinku yana fasa ciki ko ƙarin jini, dagaci da mai unguwa suna da haƙƙin su nemi ganin takardarsa.

Ba zan rufe ba sai na juya ga hukuma, domin rashin yardar mutanenmu da asibiti yana da tushe. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200 a Asibitin Zana, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar nan daga 2003 zuwa 2004. Ga kuma abin da talaka ke gani yau da idonsa. Ya ɗauko mara lafiya da tsakar dare ya tarar da asibitin mazaɓa a kulle. Ma'aikaciya ɗaya ce, ita ma a birni take kwana. Ya je babban asibiti a daka masa tsawa a gaban matarsa, a miƙo masa takarda a ce ya sayo komai a waje, har safar hannu. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya, da wane baki za a ce masa kada ya koma kemis?

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma manufar da aka sa a gaba ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki sosai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin irin waɗannan asibitoci. Muna da makarantar horar da ungozomomi a nan Ɗambatta. To, a ɗauki 'ya'yanmu da suka gama, a tura su garuruwansu, a gina musu wurin kwana a cikin asibiti, a sa wutar sola da ruwa, domin ƙofa ta kasance a buɗe da daddare. Shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, ku riƙa leƙa waɗannan wurare da dare, ba ranar buɗe gini kaɗai ba. Ma'aikatan lafiya kuma, mun san kuna aiki cikin ƙunci, Allah Ya saka muku. Amma wanda ya zo a makare, ku karɓe shi tukuna, faɗan ya biyo baya.

Ku kuma masu sauraro, ga roƙona. A cikin makon nan, tun kowa yana lafiya, maigida ya taka zuwa asibitin mazaɓarku. Ka san sunan mai kula da shi, ka karɓi lambar wayarsa, ka tambaya ko ana karɓar haihuwa da dare, ka tambaya wane babban asibiti ne mafi kusa da ake ƙarin jini. In ka dawo gida ka gaya wa iyalinka, ka ba su izinin tafiya ko ba ka nan. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.